Notin Bahago

"Shekara guda," in ji Mai Bene. "Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba."

"Biyu," in ji Bahago, bai ko ɗago kai daga kwaɗon da yake ɗiga wa mai ba.

"Haba Baba Bahago! Ko ganin abin ba ka yi ba, har ka fara taya?"

"Ai fuskarka na gani. Mutumin da ya aiko min da takardar tashi ran Litinin, in ya zo da ƙafarsa ran Alhamis yana gaishe ni har sau biyu, ba ƙaramin abu ne a ledarsa ba."

Mai Bene ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ture dutsen guga da kan keken ɗinki gefe, ya ajiye ledar a kan tebur. Ginin duk nasa ne, shaguna shida a ƙasa, gidaje a sama. Shagon Bahago ne na ƙarshe, ɗan ƙuƙut, bango ɗaya ya raba shi da shagon wayoyin ɗan Mai Bene. Ɗan yana son a fasa bangon ya faɗaɗa. Shi ya sa aka ba Bahago zuwa ƙarshen wata ya kwashe tarkacensa, bayan shekara talatin da ɗaya yana gyaran kekunan ɗinki da sikeli da risho da duk wani abu mai sifirin a wannan lungu.

A cikin ledar akwai tsumma, a cikin tsumman kuma ƙaramar bindiga ce ta hannu, baƙa, tsatsa ta yi mata ja a wurare.

"Ta iska ce," Mai Bene ya yi saurin faɗa, ganin tsohon ya ja baya. "Ba ta albarushi ba. Ta harbin gwangwani. A ƙasan akwatin marigayi babana na tsince ta. Na sa hotonta a waya, sai ga wani injiniya mai ritaya, mai tara kayan da, ya ce zai zo ƙarfe biyar. Abu uku yake so. Ta yi harbi, a san shekararta, a kuma ba shi takarda cewa komai nata na asali ne."

"Zan rubuta abin da na gani."

"To ai shi ne."

"Ba lallai shi ne ba."

Mai Bene ya dubi agogonsa. Ya riga ya kai ta wurare biyu, ɗaya ya ce a jefar, ɗaya ya ce zai fesa mata fenti. Ya ce, "Ga magana. In ciniki ya faɗa, bangon nan ya tsaya shekara guda. In ya watse, ƙarshen wata yana nan yadda yake."

Bahago ya goge hannunsa a gaban rigar aiki, suka tafa. Da Mai Bene ya fita, sai tsohon ya janyo ƙyauren shago rabi, abin da ba ya yi sai in aiki ya kai aiki.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwantar da ita a kai, ya daɗe yana kallo kawai. Bututun harbin yana kwance a saman wani bututu mai kauri, mariƙinta katako ne, guda biyu, hagu da dama, noti ɗaya ya ratsa ya haɗa su. Da ya ɗauka, nauyinta ya zauna a tafinsa kamar an gwada. Wani abu ya ɗan motsa a ransa, irin na mutumin da ya ga fuska a tasha ya kasa tuna inda ya san ta. Bai tsaya bi ba. Abin da ya ratsa hannunsa a duniya yana da yawa.

Ya ɗiga kananzir a kan kowane noti, ya ba su lokaci su sha. Mai gaggawa a nan yake ɓata aiki, ya danna sukudireba ya cinye kan noti, daga nan sai kame-kame. Shi kuwa sai da ya zaɓi sukudireba, ya goga bakinta da magagari har ta cika tsagar daidai, sannan ya murɗa. Notin farko ya yi ɗan ƙara, ya saki.

Murfin bututu mai kaurin ne abin tsoro, don sifirin yana danne a bayansa, kuma sifirin ba ya mantuwa. In ka sake shi da garaje, zai rama duk shekarun da ya yi a matse a kan haƙoranka. Bahago ya tokare murfin da katako a jikin tebur, ya riƙa warwarewa kaɗan-kaɗan, yana jin ƙarfin yana raguwa a hannunsa, har sifirin ya miƙe ya fito. Tsab yake, bai karye ba, bai lanƙwashe ba. Bayansa fistin ya biyo, da 'yar fatar da ke bakinsa, wadda ita ke tura iska. Fatar ta bushe ta zama kamar gawayi, yana taɓawa ta marmashe.

Ya naɗa tsumma a sanda, ya wanke cikin bututun da kananzir sau huɗu. Sannan ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya leƙa.

"Ikon Allah," ya ce, shi kaɗai.

Cikin yana ƙyalli kamar madubi, tun daga baki har ƙarshe, babu ƙarzuwa ko ɗaya. Waje duk tsatsa, amma inda ba wanda zai taɓa gani, nan aka fi gyarawa. Ya ɗauki murfin ya ɗora a bakin zaren, ya ba shi ɗan juyi da yatsa ɗaya, sai murfin ya tafi da kansa, sumul, zagaye biyar, kamar jiya aka yanka. Ya warware ya sake. Ya sake kuma. Wani mutum ne, a wani gari da Bahago bai taɓa zuwa ba, ya tsaya a gaban inji da safe ya yanka wannan zare. Mutumin ya mutu, 'ya'yansa ma watakila sun mutu, ga aikinsa yana juyawa da yatsa ɗaya.

Maganar fata ba ta ba shi wahala ba. A kan kantar shagon yana da kwalba cike da fatun famfon risho, sun yi shekaru suna jiƙe a mai. Ya zaɓi babba, ya rage gefenta da reza, yana gwadawa yana ragewa, har ta shiga da ɗan ƙyar. Ya toshe 'yar kafar iska da babban yatsa, ya tura fistin. Fistin ya tafi rabi ya tsaya, ya turo hannunsa baya, a hankali, kamar mai rai. Bahago ya yi dariya har da tari.

A haka Auta ta same shi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aiki a kemis ɗin bakin titi, kullum da rana takan kawo masa abinci ta tsaya ta ga ya ci, don in ba haka ba da kwanon zai koma gida a rufe.

"Baba, da wa kake dariya? Kai! Mene ne wannan? Sana'ar ta kai mu nan?"

"Zauna, sarkin surutu. Wayar nan taki da ta san komai, tambaye ta wannan lamba."

Ya ba ta labarin cinikin a taƙaice. Fuskarta ta canja, don ta san in aka fitar da shi daga shagon nan, ba wani zai kama ba, kujera zai kama a ƙofar gida. Ta ɗauki hoton lambar da rubutun jikin bututu, ta duƙufa. Shi kuma yana cin abinci da hannu ɗaya yana goge tsatsa da ɗayan.

"Ga irinta," ta ce can. "Masu mariƙin katako, daga 1924 zuwa 1936 aka yi su. Bayan nan roba suka koma sawa. Amma wai littattafan masana'antar sun ƙone, ba wanda ya san wace lamba ce ta wace shekara."

"Shekara goma sha biyu ba amsa ba ce. In aka tambaye ni shekarunki na ce tsakanin ashirin da talatin da biyu, za ki yarda?"

"Zan ɗauki ashirin ɗin." Ta ci gaba da latsawa. "Tsaya. Ga wani ya sa tasa, har da rasit ɗin kantin da kakansa ya saya, 1927. Lambarsa ta fi tamu girma da kusan dubu biyu."

"Madalla. Tamu ta riga tasa fitowa ke nan. Saura mu ji daga bakin masu gyara."

"Waɗanne masu gyara?"

"Waɗanda suka riga ni."

Masu wannan sana'a ta da suna da wata ɗabi'a. Duk wanda ya buɗe abu ya gyara, agogo ne ko sikeli, kafin ya rufe sai ya ƙarza alamarsa da shekara a ciki, a inda mai kaya ba zai gani ba. Ba don mai kaya ake yi ba. Don wanda zai buɗe bayanka ake yi, ya san wa zai zaga ko wa zai yi wa addu'a.

Bahago ya sa sukudireba a notin mariƙi. Notin ya ɗan cije a juyin farko, sannan ya biyo. Ya ajiye shi a murfin kwalba, ya kifa katakon hagu, ya sa gilashin duba agogo a idonsa.

Layi uku ne. Na sama tauraro, da 34 a gefensa. Na biyu kamar ƙugiya, da 51, hannu mai nauyi, ya ci katako sosai. Na uku da'ira biyu a jere da ɗan layi a tsakani, da 72.

Bahago ya cire gilashin, ya goge, ya mayar.

"Baba, lafiya?"

"Mai Tabarau," ya ce. "Ubangidana. Wannan tabarau ne, alamarsa ke nan."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko notin da ya ajiye, ya kawo shi ƙarƙashin gilashi. Kan notin an goge shi da magagari, kuma sawun magagarin ya kwanta ne daga dama zuwa hagu. Duk mai gyara ya san mai aiki da hannun dama ba ya barin sawu haka. Ya ajiye shi kamar ya ƙone masa yatsa.

"Wannan notin keken ɗinki ne," ya ce. "Ni na sa shi."

Auta ta saki baki.

"Ina shekara goma sha bakwai. Wani ma'aikacin gidan waya ya kawo ta, da hular aikinsa, da ɗansa riƙe da hannu. Mai Tabarau ya canja fata, ya yi alamarsa, aka kira shi wani gida gyaran keke, ya ce in rufe. Ina ɗauko notin ya suɓuce, ya gangara, ya faɗa magudanar bakin shago. Na sa hannu har kafaɗa, babu. Mai Tabarau kuwa, a kan allura ɗaya ya taɓa korar wani. Na shiga kwandon tsofaffin kekuna, na samo mai kusan zaren, na goge kansa, na ƙona shi a wuta na tsoma a mai har ya yi baƙi. Na ɗaure. Da mutumin ya dawo da yamma ubangidana bai dawo ba, na ce sai gobe. Yaron ya yi ta kuka a ƙofa har da birgima. Washegari suka karɓa. Har Mai Tabarau ya bar duniya ban faɗa masa ba."

Auta ta ɗauki notin ta jujjuya. "Baba, ni dai noti nake gani. Wa zai gane? Shekara hamsin da wani abu yana nan, ai ya zama ɗan gida. Ka yi shiru kawai."

"Takarda aka ce."

"Takarda ni zan rubuta, ba kai ba. Shago fa, Baba. Kana son ka koma gida Mama ta riƙa aikenka cefane?"

Gaskiya ta faɗa, ba wanda zai gane. Ya san 'yan tara kaya, lamba suke dubawa da rubutu da launin ƙarfe. Kuma ya san Mai Bene, mutum ne da in ya ce ƙarshen wata, to ƙarshen wata. Bahago ba waliyyi ba ne. Ya sha ce wa mai keke sai jibi alhali bai ko buɗe ba.

Auta ta ɗauki katakon don ta yi hoton shekarun. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta matso da wayar kusa da fuskarta.

"Wannan kuma fa? Ƙarƙashin tabarau ɗin. Kamar hannu."

"Ba komai a wurin. Ina tsaye ya yi alamar."

"To duba."

Ya duba. A wayar abin ya fito ƙato. Ƙarƙashin da'irorin biyu an ƙarza tafin hannu, ɗan mitsitsi, da yatsu biyar, babban yatsan yana ɓangaren da ya nuna na hagu ne. A gefensa an zana noti, har da tsagar kansa.

Bahago ya zauna a kan benci. Bindigar ta kwana a shago a wannan rana. Wato Mai Tabarau ya dawo, ya buɗe, ya ji notin ya cije a juyin farko kamar yadda ya cije yau, ya gane. Yana da kwando cike da dalilin kora. Sai ya ɗauki basilla ya zana hannun yaronsa a ƙarƙashin tasa alamar, ya mayar da notin, ya ɗaure, ya yi shekara tara bayan haka yana yi masa tsawa a kan shara da mai, bai taɓa ɗaga maganar ba.

"Ya sani," in ji Bahago. "Tsohon nan ya sani. Ya duba ya ce aikin ya yi."

Auta ta jawo takarda da biro daga jakarta.

"Faɗa min abin da zan rubuta," ta ce. "Amma in aka kore ka, kai za ka yi wa Mama bayani."

Ƙarfe biyar saura kaɗan Mai Bene ya shigo da Injiniya, dogon dattijo mai farin gashi da ƙaramar jaka. Bindigar tana kan farin ƙyalle, a haɗe. Bahago bai yi mata fenti ba, tsatsar kawai ya ɗauke da mai da tsumma, sai baƙin asali ya fito, ya koɗe a inda hannaye suka riƙa kamawa. Injiniya ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa. Ya duba lamba, ya duba rubutu, ya leƙa bututu, yana ta gyaɗa kai.

"Malam, wace shekara ka ba ta?"

"Ba ta riga 24 ba, don ba a fara yin su ba. Ba ta kai 27 ba, don akwai ƙanwarta mai rasit. Mai gyara na farko ya buɗe ta a 34, kuma fata ba ta mutuwa a shekara biyu. Ka ce 25 ko 26. In ka matsa min, 25."

"Shekara ɗari," in ji Injiniya a hankali. "Kuma tana riƙe iska?"

"Ta fi ni riƙewa."

Mai Bene yana ta murmushi yana shafa ciki. Ya miƙa wa Injiniya takardar ba tare da ya karanta ba. Injiniya ya karanta a fili, da murya irin ta masu taro.

"Komai nata na asali ne, ban da fatar fistin, wadda dole a canja. Ban da kuma notin mariƙi. Notin na keken ɗinki ne. Ni na sa shi a 1972, na asalin ya faɗa magudana."

Murmushin Mai Bene ya tsaya a inda yake. "Kai ka sa me?"

Injiniya ya fito da nasa gilashin, ya duƙa a kan notin. Ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Wallahi da ba ka rubuta ba, da ban gane ba."

Mai Bene ya juyo ya dubi Bahago, kallon da ya isa ya fasa bangon ba sai an kira magini ba.

"Sai dai," in ji Injiniya, yana cire safa, "ni ba na tara abin da aka yi wa ƙari. Zan iya ɗauka don ban da irinta, amma rabin abin da muka yi magana."

"Rabi! A kan noti ɗaya? Baba Bahago, wa ya tambaye ka? Wa ya aike ka?"

"Cewa na yi zan rubuta abin da na gani."

"A gwada ta mana," in ji Auta daga bakin ƙofa, ta dawo daga kemis ba wanda ya lura. "Ba an ce sai ta yi harbi ba?"

Bayan shagon akwai ɗan fili da katanga. Bahago ya jingina katako a jikin katangar, ya ɗora gwangwanin madara a kan bulo, ya fito da 'yan ƙwayoyin dalma da suka zo a cikin tsumman. Ya miƙa wa Injiniya bindigar. Injiniya ya ɗaga hannu biyu.

"A'a, ni ba na harba su. A akwatin gilashi nake sa su."

"Ba ni nan," in ji Mai Bene, a fusace. "A yi a gama."

Ya fizge ta. Bahago ya buɗe baki zai nuna masa yadda ake ɗana ta, sai ya rufe. Babban yatsan Mai Bene ya riga ya danna makullin bututun, hannunsa ya ɗaga bututun ya kai shi gaba har ya yi ƙas, ya sa ƙwayar dalma, ya mayar ya rufe, duk a numfashi ɗaya. Shi kansa ya tsaya yana kallon hannun nasa kamar na wani. Sannan ya juya gefe, ya sa hannun hagu a aljihu, ya miƙe na dama. Ya ja numfashi, ya sauke rabi, ya riƙe.

Tas!

Gwangwanin ya yi tsalle, ya bugi katako, ya gangaro har gaban takalmin Injiniya. Wani ɗan hayaƙin mai ya fito daga bakin bututun, siriri, da ƙamshinsa. Mai Bene ya kai bindigar kusa da hancinsa ya shaƙa.

"Wannan ƙamshin," ya ce. Muryarsa ta zama wata iri. "Bayan gidanmu, ran hutunsa. Yakan tsaya a bayana ya ce sauke rabi, riƙe rabi. Ni na manta ma ya taɓa koya min wani abu. Faɗansa kawai nake tunawa."

"Jar riga ce a jikinka," in ji Bahago. "Da wando mai igiya a kafaɗa. Ka yi birgima a ƙofar shagonmu don na ce sai gobe."

Mai Bene ya juyo. "Kai ne? Kai ne mugun nan mai dogon wuya?"

"Wuyan ya shige yanzu."

Auta ta fashe da dariya. Mai Bene ma ya yi, sannan ya juya musu baya ya daɗe yana gyara hularsa. Da ya juyo, ya ce wa Injiniya ya yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce. Injiniya ya koma kan farashin farko. Ya ƙara a kai. Mai Bene ya raka shi har bakin titi, bindigar tana hannunsa, ya tsayar masa da mota.

Da ya dawo, Bahago yana naɗe farin ƙyallen.

"Ciniki ya watse," in ji Mai Bene.

"Na gani."

"Kuma ka san abin da muka tafa a kai."

"Ƙarshen wata. Ban manta ba."

Mai Bene ya jujjuya bindigar. "Fatar nan, me take so?"

"Ɗigo biyu na mai duk wata. In ta bushe, an koma gidan jiya."

"Wa zai riƙa yi?"

"Kowa ma zai iya."

"Kowa? Ɗana ko batirin agogon bango ba ya iya canjawa." Ya dubi shagon sama da ƙasa, ya ture wani sikeli, ya ajiye ta a kan kantar shagon kusa da kwalbar fatu. "Sama akwai jikoki, ba zan kai ta can ba. Ka nemi gwangwanaye. Gobe bayan azahar ina nan."

Maganar bango bai ɗaga ba, Bahago ma bai tambaya ba. Ƙarshen wata magini ya zo da guduma da awo, Mai Bene ya leƙo ta taga ya ce ya tafi, za a neme shi. Har yau ana nemansa.

In ana maganar wa ya ci wa ya faɗi, Injiniya ya yi asarar yammacinsa da bindigar da ya ce ba ya so, don sau uku yana bugo waya. Ɗan Mai Bene ya yi asarar bango, ya yi wata biyu ba ya gaida Bahago, har ranar da makullin shagonsa ya karye a cikin kwaɗo. Mai Bene ya yi asarar ciniki, ya samu uba. Bahago ya samu shago ba takarda ba wa'adi, ya kuma yi asarar barcinsa na rana, don kullum bayan azahar sai tas, tas, da labarin ma'aikacin gidan waya wanda ya ji sau arba'in.

Amma da Auta ta tambaye shi me ya samu, bai ambaci shago ba. Ya kwance notin, ya nuna mata bayan katakon. Bai ƙirƙiri sabuwar alama ba. Shekarar bana kawai ya ƙarza, ƙanana, a gefen ɗan hannun hagun da aka riga aka zana masa.